Ranar da na shiga teku a Gwammaja

Duk Alhaji ne ya ja min. Tun da ya gama Umara ya zarce yawon jirgin ruwan nan da ke tashi daga Jidda, ya bi Bahar Maliya ya leƙa Aƙaba ta Jodan da Safaga ta Masar, majalisa ba ta sake samun sukuni ba. Ni garuruwan ba su dame ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ranar da jirgi ba ya yada zango ko'ina: ruwa gabas da yamma, ka miƙe a doguwar kujera can sama, abinci a jere ba mai ƙirga maka loma, alƙibla ma sai ka tambaya. Kuma ba sabis, intanet ɗin jirgi ta tauraron ɗan'adam ce, ga tsada. Wato yini cur ba mai kira ya ce, "Yaya, dama wata 'yar matsala ce."

Mu da teku kuwa sai an yi wajen kilomita 1,000 zuwa Legas. Ranar Lahadi maman yara ta tafi suna, na cire layi daga waya, na hau saman bene da katifar yara da zoɓo mai ƙanƙara. Singileti, gajeren wando, baƙin tabarau, ƙafafu cikin bahon wanki, na kunna ƙarar igiyar ruwa. Afrilu ne, zafi ya haura 40, amma na hango Dala na ce tsibiri ne. Barci ya kwashe ni.

Gyaran murya ce ta tashe ni. Surukina. Shi da Kawu, cikin manyan riguna, a tsaye a kaina.

Na zabura zan miƙe, na manta ƙafata na cikin baho. Baho ya zame, ruwa ya tafi kai tsaye kan takalmin Baba. Na durƙusa a cikin ruwan nan ina gaisuwa, hannu ɗaya na jan wando ya rufe gwiwa, wando ya ce iyakarsa ke nan. Tabarau na fuskata har lokacin. Waya kuma ba ta fasa ba, shaaa, shaaa.

"Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba."

Kawu ya shiga leƙa bayan tanki, wai bututu ya fashe. Baba ya ce, "Wannan ruwan a ina yake zuba?"

Bakina da kansa ya ce, "Teku ce, Baba."

Ya dube ni, ya dubi bahon, ya dubi takalminsa. Ya ce, "To, Allah ya sauke ku lafiya." Ya juya.

Ashe tun azahar suke kira. Wanda kuma ya turo su sama shi ne yaron nan mai tattabaru, kun san shi. Daga kan katangarsu ya ce musu, "Yana sama, tun safe bai motsa ba." Bai motsa ba! Yaron da tattabarunsa suka gama da shanyarmu, ban taɓa kai ƙara ba. Ubansa kuma ya ari tsanina tun kafin babbar sallah, kullum muka haɗu a masallaci sai ya ce yana sane. Na ma ga tsanin jiya a jingine a shagon mai faci, ban san yadda aka yi ya je can ba.