Daɗin sha ba shi ne ma'aunin ruwan famfo ba

Marubucin wani labari da na karanta ya ce ruwan famfon wani birni ya fi na maƙwabcinsa inganci, wai don ya fi daɗin sha kuma ba ya warin kulorin. Gaskiya ban gamsu ba. Warin da ake ta ƙorafi a kansa sau da yawa alama ce cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta ya iso har bakin famfo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma so take a samu aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a kowace lita a inda ake ɗiba.

Birnin da ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, nasa yakan hana sabulu kumfa, ya bar farin ɓawo a tukunya. Mai ɗiba daga kogi ko dam kuwa, da damina sai ka ga nasa ya yi jaja-jaja. Wannan kaɗai bai isa a ce wane ya fi wane ba.

Babban abin tsoron yana cikin bututu. Ku duba birnin Flint a jihar Michigan ta Amurka. A 2014 hukumomi suka daina sayen ruwan birnin Detroit, suka koma kogin Flint don rage kashe kuɗi, ba su zuba maganin da ke hana ruwa cin bututu ba. Dalma, wato ƙarfe mai guba da ke jikin bututun, ta narke cikin ruwan, ta shiga jinin yara, sai a Oktoban 2015 aka mayar da su kan ruwan Detroit. Ita kuwa dalma harshe ba ya jin ta, hanci ba ya shaƙar ta.

Da marubuci ya kawo mana sakamakon gwaji ne, unguwa-unguwa, don ko gidaje biyu a titi ɗaya sukan bambanta idan bututun ɗaya ya tsufa.