Ciwon da ake ɗaukowa daga ofis

Sannu da wannan rahoto. Kun ce cin zalin ma'aikatan jami'a ciwo ne da ake ɗauka a wurin aiki, kamar yadda ƙura ke cin huhun mai fasa dutse. Wallahi gaskiya kuka faɗa, na gani da idona.

Yayata sakatariya ce a wata jami'a nan arewacin Kamaru. Shugaban sashensu bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Sai dai ya jefa mata takarda ƙasa a gaban ɗalibai ya ce ta ɗauka, ko ta gaishe shi ya kau da kai. Takardar neman hutunta ta kwana a durowarsa har aka shiga damina aka fita. Ranar Lahadi da daddare sai ka same ta zaune a tabarma, tuwo ya huce a gabanta, tana tunanin Litinin. Yanzu kullum da maganin hawan jini a jakarta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne 'yan uwa da ke cewa ta yi haƙuri, aikin gwamnati ba a samunsa a arha. Haƙuri har yaushe?

A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zali a wurin aiki, wadda ta haɗa cutar da zuciya da cutar da jiki wuri ɗaya. Ƙananan malamai da ke jiran sa hannun manya kafin a ƙara musu girma su ma bakinsu a ɗinke yake. A buɗe ofishin kai ƙara wanda ba ya ƙarƙashin wanda ake ƙara.