Tun Yaushe Yogot Ya Zama Shaidar Mutumin Kirki?

Wai don Allah, tun yaushe shan yogot mai ƙwayoyin bakteriya masu amfani ya zama ma'aunin mutumin kirki? Mutum ya sayi kwalbar kombucha guda, wato shayin da aka tsima, shi ke nan ya zama mai wa'azi, duk wanda bai sha ba sakarai ne a wurinsa! Ka ce cikinka na murɗa, maimakon sannu sai tuhuma: ka sha kefir, madarar nan da aka tsima, kuwa? Kana cin kimchi, tsimammen kabejin nan na Koriya? Uwa ta ciyar da ɗanta abin da ƙarfinta ya kai, a bi ta da harara kamar ba ta ƙaunarsa. Haba jama'a! Rashin kuɗi laifi ne? Ciwon ciki rashin tarbiyya ne? Kamfanoni kuwa sun gano lagonmu, su rangaɗa sunan bakteriyar Lactobacillus a jikin roba, su antaya sukari a ciki, mu saya muna jin mun fi kowa sanin ciwon kanmu. Alhali hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi watsi da kusan duk iƙirarin ƙarin lafiya da aka kai mata kan waɗannan kayan, in ban da taimakon yogot wajen narkar da sukarin madara. To duk wannan ɗaga hancin da raina mutane na mene ne?