Ranar da Aka Kai Wasan Gidanmu Waje

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zama a kan benci guda a gidan kallon ƙwallon unguwarmu a Kano, benci na uku daga gaba, ɓangaren dama, daidai inda iskar fanka take ɗan ratsowa idan an yi sa'a janareta bai shaƙe ba. Babu takardar da ta ce wurina ne, amma ko yaron da aka aiko ya kira yayansa ya san ba a zama a nan, domin wurin Malam ɗan Arsenal ne. A kan wannan bencin na yi shekarun da ƙungiyata ta riƙa ƙarewa ba tare da kofin Firimiya ba kamar gadon gidansu, a kansa na sha dariyar 'yan Chelsea da ta 'yan Manchester, kuma ban taɓa neman a rage mini ko sisi daga kuɗin shiga ba. Na faɗi wannan ne tun da wuri domin mai karatu ya san cewa abin da ya same ni ya sami mutum mai tarihi.

A mako na biyu na watan Agustan 2025 labari ya zo cewa hukumar ƙwallon Sifaniya ta amince a ɗauki wasan Villarreal da Barcelona, wanda na gasar La Liga ne mai maki uku, a kai shi birnin Miami na Amurka a watan Disamba. Da daddare muna zaune wurin mai shayin da ke ƙofar gidan kallon sai musu ya tashi a kan ko gasar Firimiya ta Ingila ma za ta bi sahu. Ni kuwa malamin makaranta ne, kuma ciwon da ke damun masu sana'armu shi ne ba ma iya ganin mutum biyar a zaune ba tare da mun buɗe darasi ba. Na ajiye kofin shayi, na gyara zama, na fara tun daga tushe.

Na tuna musu cewa Turawan Ingila ne ma suka fara kawo wannan tunani, tun watan Fabrairun 2008, lokacin da shugaban gudanarwar Firimiya na wancan zamani, Richard Scudamore, ya fito da shawarar da aka yi wa laƙabi da wasa na 39. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowacce tana buga wasa 38, shi kuma ya ce a ƙara zagaye ɗaya a raba wasanni goma ɗin a birane biyar na duniya. Magoya bayan Ingila suka yi ca a kansa, Sepp Blatter na FIFA ya ce ba da shi ba, maganar ta bi ruwa. Na ƙara da cewa ko a 2024 shugaban Liverpool, Tom Werner, ya ce burinsa ya ga an buga wasan Firimiya a New York, nan ma magoya baya suka taso masa. Daga nan sai na yanke hukunci da murya irin ta alƙali, na ce wannan son kai ne tsagwaronsa. Mu da muke zuba kuɗinmu kowane mako a Kano da Legas da Nairobi, mu da saboda mu ake sayar da haƙƙin haska wasannin a ƙasashen waje da tsadar da take ciyar da ƙungiyoyin, me ya sa mutumin Landan zai ga ƙungiyarsa ido da ido sau 19 a shekara a filin gidansu, ya kuma ƙi yarda a ara mana ko sau ɗaya? Har na yi musu gorin cewa dokarsu ta hana haska wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar a talabijin a cikin Ingila, saboda haka ni da nake kan benci a Kano na fi wanda yake Manchester ganin wasannin Firimiya, kuma wanda ya fi kallo ai ya fi haƙƙi.

Aka yi mini tafi. Mutum ɗaya ne bai tafa ba, wato wani dattijo da duk muke kira Kawu, tsohon mai goyon bayan Kano Pillars wanda ba ya shiga gidan kallon sai idan ya rasa abokin hira. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ɗan nan, a watan Yulin 2008 Manchester United da Portsmouth sun zo Abuja sun yi wasan sada zumunta, har da Kanu, wanda bai daɗe da ci wa Portsmouth kofin FA ba. Ka je?" Na ce masa a lokacin ina ɗalibi, kuma kuɗin tikitin ya fi ƙarfina. Ya ce, "To, ba kai kaɗai ya fi ƙarfi ba, shi ya sa filin bai cika ba." Na ce Kawu ai wannan tsohon zance ne, na ci gaba da darasina, inda na rufe da jimlar da har gobe nake jin kunyarta: na ce ƙwallo kasuwa ce, duk inda masu kuɗi suke can ya kamata a kai ta.

Abin da ban lura da shi ba shi ne mai gidan kallon, wani matashi mai shiru-shiru da muke kira Manaja, yana tsaye a bayana yana zuba wa janareta mai, kuma ya daina zubawa tun daga tsakiyar jawabina.

Kakar wasa ta buɗe ranar Juma'a, na zauna a bencina na ga Liverpool ta ci Bournemouth 4 da 2. Ranar Asabar da rana tsaka na sake biyan naira 200 na zauna na kalli Aston Villa da Newcastle suna ta kai da kawo har suka tashi babu ci, mu bakwai ne kacal a ɗakin, biyu daga ciki ma barci suka zo yi saboda fanka. Ranar Lahadi 17 ga wata ita ce ranar da nake jira, domin Arsenal za ta je Old Trafford, filin Manchester United, da ƙarfe huɗu da rabi. Na sa uwargida ta goge mini jar rigata tun safe, na yi sallar La'asar, na taho cikin natsuwa irin ta mutumin da ya san wurinsa yana jiransa.

Sai na tarar da ƙofa a garƙame da kwaɗo, an manna wata takarda da aka rubuta da jan biro cewa saboda buƙatar magoya baya na sauran sassan gari, an mayar da babban wasan yau wani ɗakin taro da ke can wata unguwar masu hali, akwai na'urar sanyaya ɗaki da kujerun roba da lemo, kuɗin shiga naira 3,000. A ƙasa an ƙara da cewa ƙananan wasanni za su ci gaba a nan kamar yadda aka saba. Na karanta sau uku ina neman kuskuren rubutu kamar yadda nake yi wa ɗalibai, ban samu ba. Na leƙa ta ramin ƙofa, babu talabijin, babu janareta, har benci biyu babu. Mai shayi ya dube ni ya ce, "Malam, ai cewa ya yi kai ka ba shi shawara."

Naira 1,500 ce a aljihuna, amma zuciya ta ce in je, ko ba komai zan yi wa yaron nan magana a matsayina na babba. Na tare Adaidaita Sahu, hadari kuma ya riga ya haɗo daga gabas. Muna cikin cunkoso sai wani ihu ya tashi daga wani gidan kallo da ke bakin titi, irin ihun da ke sa akuya ta tsinke igiya. Na rasa na wane ɓangare ne, sai da direban ya duba wayarsa, ya ja dogon tsaki, ya waiwayo ya ƙare wa rigata kallo, sannan ya sanar da ni cewa kuɗin mota ya ƙaru da naira 200 saboda ruwan da ke shirin sauka. Ta haka na san Arsenal ta ci. Riccardo Calafiori ne ya sa kai a minti na 13 daga bugun kusurwa, ni kuma da na yi shekara goma sha ɗaya ban taɓa makara ba, na ji labarin ƙwallon daga tsakin ɗan Manchester.

Da na isa ƙofar ɗakin taron, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne bencina. An shimfiɗa masa leda, an ɗora kwalin tikiti da robar canji a kansa, Manaja yana zaune a baya sanye da sabuwar shadda. Ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, har da rusunawa, ya ce, "Yallaɓai, Allah ya saka da alheri, kujera ɗari da ashirin duk sun kusa ƙarewa." Na ce masa wannan rashin mutunci ne, mu da muke tare da shi tun yana da talabijin ɗaya mai ƙusumbi, mu da muka zauna jiya muka kalli wasan da ko alƙalinsa bai ji daɗinsa ba, yau da nama ya nuna sai a kai wa waɗanda ba su hura wutar ba? Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, su ma magoya baya ne, kuma sau ɗaya ne kawai. Kai fa kana da sauran wasanni 37." Ban taɓa sanin maganata tana da ɗaci haka ba sai da na ji ta a bakin wani.

Da na ga faɗa ba zai yi ba sai na koma ilimi. Na ce masa a Ingila, tun 2016 ƙungiyoyin Firimiya suka ƙayyade tikitin magoya bayan da suka yi tattaki zuwa wasan waje a kan fam 30, don kada a haɗa musu wahalar hanya da tsada, saboda haka ni da na keto gari cikin hadari na cancanci rangwame. Ya ɗan yi tunani ya ce, "To Malam, kai yanzu baƙo ne ko ɗan gida? Idan ɗan gida ne babu rangwame, idan kuma baƙo ne ban san ka ba." Daga ƙarshe muka daidaita a kan cewa zan ba shi naira 800 da ta rage mini, in shiga bayan hutun rabin lokaci, ba lemo, ba kujera.

Na tsaya a can baya kusa da ƙofa. Ɗakin yana da sanyi, wannan kam ba zan yi ƙarya ba, amma babu wanda ya san sunan kowa, babu mai yi wa wani gori, babu mai tsaya wa alƙalin wasa a wuya. Rabin mutanen sun juya wa talabijin baya suna ɗaukar kansu hoto. Wani yaro mai sabuwar rigar Arsenal, wadda ko takardar farashinta ba a cire ba, yana ta tafa wa masu jajayen kaya duk lokacin da suka kai hari, sai da na matsa na raɗa masa cewa yau mu baƙi ne, jajayen nan Manchester ce. Ya gode mini, ya tambaye ni ko ni ne mai kawo lemo.

Ban yi minti ashirin a tsaye ba sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, hoto ya fara yayyagewa, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. A gidan kallonmu idan haka ta faru kowa ya san aikinsa: akwai mai riƙe tsani, akwai mai rufe janareta da kwano, akwai mai ihu daga ciki yana cewa ya dawo ko bai dawo ba. A nan kuwa mutum ɗari da ashirin suka juyo suna neman a mayar musu da kuɗinsu, Manaja ya dube ni da idon da ɗa ke duban ubansa, ni kuma, saboda sabo da kuma rashin zuciya, na tsinci kaina a waje ina riƙe da buhu a kan janareta, ruwa yana bi ta wuyan rigata yana fita ta ƙafar wando. Ina nan a tsaye na ji ihu daga ciki, na saki buhun na daka tsalle ina murnar ƙwallo ta biyu, ashe hoto ne ya dawo. An tashi 1 da nema, na kuma tako da ƙafa har gida, domin ko kuɗin ruwan leda babu a jikina.

Na iske Kawu da sauran 'yan benci a rumfar mai shayi, busassu, sun kalli ƙwallon a wayar wani tela sau wajen goma. Babu wanda ya ce mini komai sai da na zauna, sannan Kawu ya tura mini kofinsa ya ce, "Sannu da dawowa daga Miami." A daren aka kafa kwamitin ƙin amincewa, aka tuna yadda magoya bayan Chelsea suka tare hanyar filinsu na Stamford Bridge a watan Afrilun 2021 har shirin Super League, wato sabuwar gasar da manyan ƙungiyoyin Turai suka so ware wa kansu, ya ruguje cikin kwana biyu, aka yanke shawarar ƙaurace wa ƙananan wasanni har sai an dawo da manya. Da aka zo neman wanda zai rubuta takardar koke, baki ɗaya aka zaɓe ni, bisa hujjar cewa babu wanda ya kai ni sanin dalilan ɗaya ɓangaren. Na rubuta shafi biyu ina rushe kaina sakin layi bayan sakin layi, kuma a gaskiya ban taɓa yin rubutu mai ƙarfin wannan ba.

Manaja ya sake gwadawa sau ɗaya, kuɗin hayar ɗaki da na lemo suka cinye ribar, ya dawo da kayansa a baro ba tare da ya ce ya karanta takardata ba. A watan Oktoba 'yan wasan La Liga suka riƙa tsayawa cak na daƙiƙa 15 a farkon wasanni don nuna rashin yarda, bayan 'yan kwanaki aka soke tafiya Miami, aka kawo mini labarin har gida kamar ni aka kayar. Bencina kuwa bai dawo ba, wai ƙafarsa ta karye a hanya, kuma kafinta ya ce gyaransa ya fi sabo tsada. Yanzu a kan jarkar mai nake zama, a layi na uku, ɓangaren dama, yaran unguwa kuma idan sun gan ni tafe sai su ce a matsa, ga Malam Sukudamo nan.