Fanka na juyawa, allo ya ce bai san zancen ba

Duk wanda ya ce muku haɗa kwamfuta da hannu abu ne mai sauƙi, wai kawai ka soka wannan a nan ka ɗaure wancan a can, ku tambaye shi ko ya taɓa danna maɓalli a gaban iyalinsa ta ƙi tashi. Ni sana'ata editin bidiyon biki da suna a nan Kano, laftof ɗina ta tsufa, in na sa ta fitar da bidiyon kamu sai ta ɗau zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya ga gurnani har maƙwabta na ji. Shi ne da na kwashi adashi na ce bari in haɗa ta tebur da kaina, na bi shaguna na tsinto kaya, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 5600, madabod, wato babban faifan da ake soka komai a jikinsa, B450, ram DDR4 guda biyu kowanne giga 8, SSD, girafik kad na hannu, fawa sufulai mai wat 550, sai akwati mai gilashi a gefe don masu kawo aiki su leƙa su san ba da yaro suke harka ba.

Lokacin hunturu ne kuma, iska a bushe, ko ƙofar mota ka taɓa sai ta ɗan fizge ka, irin wannan fizgar kuwa tana iya kashe ram ko furosesa ba ka sani ba. Don haka na tuɓe rigar sanyi na tsaya ba takalmi a kan siminti, kafin in taɓa komai sai na je na dafa ƙarfen taga. Madam ta leƙo ta gan ni daga ni sai singileti cikin wannan sanyin ina safa da marwa tsakanin taga da tebur, ta daɗe tana kallona sannan ta ce "Maigida, lafiya kuwa?" na ce kimiyya ce, ta ce Allah ya sawwaƙe ta saki labule.

Da na gama ɗaure sukurun ƙarshe na tara gida kaf, yara, madam, ƙanina da ke zaune a wajena, har Hajiyarmu da ta zo mana kwana biyu aka kawo mata kujera. Na yi bisimilla na danna. Shiru. Na ƙara dannawa da ɗan ƙarfi, shiru. Gumi ya fara tsattsafo min a cikin hunturu, sai ƙanina ya ɗaga kai ya kalli ƙwan ɗaki ya ce "Yaya ai an ɗauke wuta tun ɗazu." Taro ya watse aka ɗage biki sai dare.

Da dare aka kawo wuta aka sake zama. Wannan karon ina dannawa fankoki suka ɗauka, fitilu ja da shuɗi suka haska cikin gilashi, yara suka hau tsalle, ni ma har na fara gyara tsayuwa. Muka juya ga allo. Baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu yana yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan wai No Signal. Ƙaramar 'yata ta ce "Abba wannan ne fim ɗin?"

To daga nan fa aka shiga gari ba gaba ba baya. Ƙanina ya ce in mayar da wayar HDMI jikin madabod, na ce masa 5600 ba shi da girafik a cikinsa, sai mai G a ƙarshe irin 5600G ke da shi, ramin HDMI na jikin madabod ɗin nan ado ne kawai a wajena, dole waya ta zauna a jikin kad kuma a can take. Na zare ram na mayar har sai da na ji ƙas ta kowane gefe, rami na biyu da na huɗu yadda littafin ya ce, na gwada da guda ɗaya, na canza masa rami. Na bi babbar wayar nan mai fin 24 na danna ta har yatsana ya yi shati, na duba mai fin 8 ta saman furosesa wadda mutane ke yawan mantawa, tana nan daram. Na cire ɗan batirin nan CR2032 mai kama da sulai na jira na mayar. Ƙarshe na kwance komai na fito da madabod daga akwati na ɗora shi a kan kwalinsa ko da wani ƙarfe ne ke taɓa shi ta ƙasa, na haɗa fin biyu na maɓalli da bakin sukundireba, fanka ta juya abinta, allo ya ce shi dai bai san zancen ba. Akwai wasu 'yan fitilu huɗu a gefen madabod, an rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT, ita ta CPU ta kama ja ta kafe tana kallona ina kallonta.

Abin da ban sani ba shi ne ashe unguwarmu cike take da injiniyoyi. Kafin gari ya waye labari ya zaga. Na farko maƙwabcina mai gyaran rediyo da fanka, dattijo ne mutumin kirki amma a wajensa duk abin da ya lalace a duniya kafasito ne, ya shigo da ƙarfensa na narka dalma a hannu har ya fara neman soket, ya ce "Malam ka ba ni minti biyar in ɗaga waɗannan ƙananan in gwada su ɗaya bayan ɗaya." Na ce ranka ya daɗe bari dai a sha shayi tukuna, na ja shi waje da dabara na sa yaro ya kulle ɗakin. Wani abokina mai gyaran waya ya ce a wanke shi da sifirit da buroshi a shanya a rana, in bai tashi ba a yi masa filashin, shi komai filashin ne, ko ciwon kai ka ce masa kana yi zai ce filashin.

Hajiya kuwa tun farko ta yanke hukunci. Ta ce baki ne. Ta ce wa ya aike ni in sa hoton kwalaye a status kowa ya gani, ga shi nan ai. Ta ce a miƙo mata shi ta yi masa tofi. Jama'a ku duba halin da nake ciki, uwa ce ba a ce mata a'a, ga kuma madabod tsirara ba ya shiri da danshi ko kaɗan, sai na ce "Hajiya ai in kika yi a kaina ma ya wadatar tunda ni ne mai taɓa shi," na durƙusa na tare tebur da bayana aka tofa min a ka. Na ji daɗin addu'ar wallahi, amma fitilar CPU ba ta motsa ba.

Ana cikin haka uwar wata amarya da aikinta ke hannuna ta bugo, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce "Ɗan nan, bidiyon nan sai amarya ta haihu za mu haɗa da na suna?" na ce Hajiya ana kan gyara sauti ne.

Na ɗau kwalin madabod na ja ƙanina muka nufi Beirut Road. Wani matashi a wani ɗan shago da ko mutum uku ba ya ci, ya karɓi kwalin ya jujjuya, ya ce "Oga wane furosesa ka sa?" na faɗa masa, sai ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo. Ya ce ina sitikar da ke cewa Ryzen 5000 Desktop Ready? Babu. Ya ce to ai shi ke nan, ba abin da ya lalace. B450 tun 2018 ya fito, su Ryzen 5000 sai ƙarshen 2020 suka fara zuwa, shi wannan 5600 ɗin ma sai 2022. Soket ɗinsu ɗaya ne, AM4, shi ya sa ya zauna lafiya lau, amma BIOS ɗin da ke cikin madabod, wato ɗan shirin da ke fara farkawa ya duba kowa kafin Windows ta zo, tsoho ne, an rubuta shi tun ba a haifi furosesan ba. Kamar ka je gaida tsohon da ya san babanka da kakanka amma kai bai taɓa ganinka ba, ka zauna masa a tabarma daidai amma sai tambaya yake ɗan gidan wa, kuma ba zai bari a kawo maka ruwa ba sai an yi masa bayani. Wanda ya sayar min ya ce "zai yi, ai soket ɗaya ne," kuma ka ga bai yi ƙarya ba, rabin gaskiyar dai ya ba ni ya riƙe rabi.

Na ce to a sabunta BIOS ɗin mana. Ya ce sai kwamfuta ta tashi ake sabuntawa. Na ce ai ba ta tashi. Ya ce eh, sai an sabunta za ta tashi. Muka tsaya muna kallon juna. Ya ce wasu madabod ɗin suna da ɗan maɓalli a baya da ke yin aikin da filashi kawai ko babu furosesa, nawa dai ba shi da shi, mafita ita ce a sa masa tsohon furosesa da ya sani a tayar da shi a sabunta sannan a mayar da sabon. Yana da Ryzen 3 2200G a durowa. Ya ce ko in kawo kwamfutar shago ko in ara. Ni kuma tunanin ɗaukar kayan adashina a adaidaita sahu cikin ramukan hanya ya sa na ce aro zan yi. Ya ce sai da jingina. Waya ba zan iya bari ba don da ita zan sauke fayil, katin ɗan ƙasa ya ce me zai yi da shi, sai muka waiga lokaci ɗaya muka kalli ƙanina. "Yaya ban gane ba," in ji shi. Na ce zauna ka ga gari, yanzu zan dawo.

A gida madam ce ta riƙe min tocilan. Na kwance fankar furosesa na ɗaga, sai ga furosesan ya biyo ta manne a gindi, man da ke tsakaninsu ya kama shi gam ya tumɓuko shi daga soket ba a ko buɗe sakata ba. Na yi salati madam ta yi salati Hajiya daga tsakar gida ta amsa ba ta ma san me ya faru ba. Allurai 1331 ne a ƙasan abin nan, sirara, ɗaya ta karye kana iya yin sallama da kuɗinka. Na murza shi a hankali ya rabu, na bi layi layi da tocila ina riƙe da numfashi, duk a miƙe suke.

Ina sa na aro na danna, allo ya kawo. BIOS ne kawai, rubutu da lambobi, amma yaran nan suka yi ihu har maƙwabci ya aiko a tambaya ko haihuwa aka yi. Na sauke fayil ɗin daidai samfurin madabod ɗina, don in ka sa na wani ka jawo wa kanka, na zuba a filashi da aka goge zuwa FAT32, tsarin da BIOS ke iya karantawa. Saura abu ɗaya, matashin nan ya ja min kunne cewa in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutawa madabod na iya mutuwa murus. Ni kuma wa zai ba ni tabbacin wutar gari na minti biyar? Na aika aka sayo fetur, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 sai ka yi shawara da aljihu kafin ka ce a cika galan, na tada ɗan janareto na raba aiki. Madam a gindin inji, babban ɗana a bakin ƙofa kar kowa ya tsallaka waya, firji a kashe, Hajiya da carbi.

Layi ya fara tafiya a allo a hankali. Ya wuce rabi kenan sai na ji injin ya yi tari ya sauke murya, ƙwan ɗaki ya dushe, zuciyata ta faɗo ciki. Ashe dattijon nan ne mai kafasito ya ji ƙarar inji ya lallaɓo ta zaure ya soka ƙarfen dalmarsa a ekistenshan wai zai ɗan ƙarasa wani aiki. Ban san madam na da gudu haka ba. Kafin in fito ta zare shi tana cewa "Baba don girman Allah!" Injin ya dawo hayyacinsa, layi ya cika, kwamfuta ta mutu ta tashi da kanta allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, wanda ashe haka take yi, amma a wannan ɗan lokacin na yafe wa duk wanda nake bi bashi.

Na mayar da 5600, dattijo daga bakin ƙofa yana ba da shawarar a shafa makilin in man ya ƙare, na ce akwai mai ranka ya daɗe. Na danna, fitilar CPU ta kama ta saki, DRAM ta kama ta saki, VGA haka, sai ga suna ɓaro ɓaro a allo, Ryzen 5 5600. Hajiya ta ce ai ta faɗa, tofi ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abokina mai waya da ya ji ya ce "ban ce maka filashin ba?" kuma abin haushin shi ne kusan gaskiyarsa ne.

Sai bayan magariba na je fanso ƙanina. Na same shi a bayan kanta yana ciniki da wata mata a kan caja, ya ci gurasa da balangu ya sha lemo duk an rubuta a kaina. Tun daga ranar kullum can yake wuni. Da na lura ram ɗina a 2133 yake gudu alhali 3200 aka rubuta a jikinsa na kira shi na ce wai ina ake kunna XMP ɗin nan ne da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa, sai ya ce "Yaya ka kawo ta shago, amma fa kuɗin dubawa daban."