Ido ba ya ɓoye ciwon hanta, amma yaushe yake faɗa?

Jiya bayan isha'i muka kaure da gardama da wani abokina lakcara a majalisarmu, har mai shayi ya fara tattara kofunansa ba mu gama ba, shi ya sa na ce bari in zo nan in sauke abin da ke raina, wanda ya ga na kauce ya gyara min, ba na jin haushin gyara.

Abin da ya tayar da zancen wani farfesan ido ne ɗan Chaina, Haotian Lin, na cibiyar ido ta Zhongshan da ke Jami'ar Sun Yat-sen a birnin Guangzhou, eh Guangzhou ɗin nan dai da 'yan Kantin Kwari suke zuwa saro kaya. Abokin nawa ya buɗe waya yana nuna mana shafin mutumin a Google Scholar, inda ake ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikin malami, wai ku duba sau nawa aka ambaci takardunsa, wannan shi ne malami ba irinmu ba. Na ce masa Malam ajiye lissafin tukuna, faɗa min me ya gano. Sai ya hau sosa ƙeya. Ashe ko takarda ɗaya ta mutumin bai taɓa karantawa ba, lamba kawai ya gani ta tafi da imaninsa.

To ni na ɗan san aikin, don ciwon hanta ya taɓa shiga gidanmu kuma tun daga lokacin duk inda na ga an ambace shi sai na tsaya. A 2021 shi da abokan aikinsa suka fitar da wani bincike a mujallar Lancet Digital Health. Sun ɗauki hoton idanun masu ciwon hanta da na masu lafiya, hoto iri biyu, na gaban ido da na'urar nan da ake sa mutum ya ɗora haɓa a kai likita ya haska masa siririn haske, da kuma na can ƙuryar ido wato ritina, tantanin da ke karɓar haske, sannan suka koya wa kwamfuta ta riƙa bambancewa. Kuma ta iya ɗin, ba laifi. Amma ga inda gizo ke saƙar: ta fi ƙwarewa wajen gane kansar hanta da hantar da ta riga ta ƙandare ta cika da tabo, kuma a waɗannan biyun hoton gaban ido ya fi na ritina aiki. Da aka zo kan masu hepatitis, ciwon hantar da ƙwayar cuta ke kawowa, da ke kwance a jiki shiru, da masu kitse a hanta, da masu tsakuwa a matsarmama, sai ƙoƙarin nata ya ragu sosai.

Wallahi da na fahimci haka kakarmu ce ta faɗo min a rai, Allah ya jiƙanta. In yaro ya kwana biyu yana kasala ya ƙi tuwo, sai ta jawo shi bakin ƙofa inda haske yake, ta sa babban yatsa ta ja fatar idonsa ƙasa ta ce kalli sama, in ta ga farin ya koma ruwan ɗorawa sai ta ce shawara ce, a nemo saiwar rawaya a jiƙa. Ba ta taɓa jin kalmar bilirubin ba, sinadarin da ke fita daga tsofaffin ƙwayoyin jini wanda hanta ke tacewa ta zubar, in ta gaza sai ya taru ya rina farin ido, amma ta san ido na ba da labarin ciki. Su ma Turawan ba yau suka fara ba, tun 1902 da 1903 wasu likitocin ido Jamusawa, Kayser da Fleischer, suka bayyana wani zobe da ke fitowa a gefen baƙin ido, daga baya aka gane jan ƙarfe ne ke taruwa a jikin masu wata cutar gado da ke lalata hanta. Ke nan kwamfutar ta fi ƙarfi a inda kaka ma take da ƙarfi, wato bayan ɓarna ta yi nisa, ta kuma yi rauni a daidai inda muka fi buƙatarta.

Ba raina aikin nake ba fa, kar a juya min magana. Matakin farko ne, kuma wanda ya fara sare daji ba a tambayarsa ina amfanin gona. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ɗauki yawan ambato a ce shi ne amfani.

Kawuna direban babbar mota ne, ƙaƙƙarfan mutum, ban taɓa ganinsa kwance ba. Yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai cikinsa ya fara tasowa, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga, jiki kuma yana zubewa. Aka ce sammu ne, aka ce abokan aiki ne suka sa masa wani abu a abinci, aka yi ta yawo da shi daga wannan ƙauye zuwa wancan, jiƙe-jiƙe da turare ba irin wanda ba a yi ba, sai da idon ya rine sannan aka yarda aka nufi asibiti. Likitan ya duba sakamakon jini da na sikanin, ya ɗago ya kalle mu ya ce me ya sa sai yanzu? Hepatitis B ce, ta yi shekara da shekaru tana cin hantar ba ciwo ba zazzaɓi. Bai cika wata uku ba ya rasu. Da aka gwada mutanen gidan aka samu biyu suna ɗauke da ita, suna yawonsu lafiya ƙalau, idonsu fari tas. Gwajin da ya gano su ɗan tsinke ne, a soki yatsa a ɗiga jini, kafin ka gama shan ruwan leda sakamako ya fito. Ba kyamara, ba kwamfuta.

Na ce wa abokin nawa in kana son ka ga abin da ake kira tasiri a wannan fanni na hoton ido, je ka nemi labarin OCT, na'urar da ke ɗaukar hoton ƙuryar ido hawa-hawa. A 1991 wani ɗalibi, David Huang, da malaminsa James Fujimoto na jami'ar MIT a Amurka, da injiniya Eric Swanson da sauran abokan aikinsu suka buga takarda a mujallar Science kan yadda za a leƙa cikin naman jiki da haske, kamar yadda sikanin na masu ciki ke yi da sauti. Sai 1996 na'urar farko ta shiga kasuwa, sai 2023 aka ba su ukun lambar yabo ta Lasker, shekara 32 bayan takardar. Ni kuma ban san duk wannan ba sai ranar da na raka Hajiyarmu asibitin ido, ciwon suga ya fara dishe mata gani. Ta ɗora goshi, aka ce kar ta ƙifta, ko minti ɗaya ba a yi ba hoto ya fito a allo, ritinar tata hawa-hawa kamar bangon rijiya in ana haƙa, nan jar ƙasa nan yumɓu nan tsakuwa, a tsakiya kuma wasu baƙaƙen ramuka. Likitar ta nuna da biro ta ce Hajiya kin ga nan, ruwa ne ya taru, shi ke hana ki ganin zaren allura. Aka fara mata allurar ido, ta koma karatun Alƙur'aninta mai manyan baƙi. Hajiya ba ta san David Huang ba, ba za ta taɓa ambatonsa a wata mujalla ba, amma addu'ar da ta yi wa "wanda ya ƙera injin nan" a cikin adaidaita muna komawa gida, babu shafin intanet da ke ƙirga ta.

Shi wannan ma'aunin da ake ta rawar jiki a kansa, h-index, wani masanin fiziks ne Jorge Hirsch ya ƙirƙiro shi a 2005. In an ce naka 20 ne, ana nufin kana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Shi ke nan fa. Bai ce an ambace ka don an yarda da kai ba, wataƙila ƙaryata ka ake yi. Kuma mu da muka san yadda harkar take a jami'o'inmu mun san adashen da ake yi, sa sunana a takardarka in sa naka a tawa, ambace ni in ambace ka, kamar bikin mata, ka kai min turmi ɗaya in kai maka biyu, ga mujallun biya-a-buga da ba mai karanta su ko editan kansa, duk don lokacin ƙarin girma a ƙirga a ce sun kai. Ban ce duk haka ake ba, akwai masu gumi na gaske cikin ɗakin gwajin da wuta ba ta kai awa huɗu, amma abokin nawa da kansa dariya ya yi da na faɗi wannan, don ya san inda na dosa.

Akwai kuma abin da ke damuna game da waɗannan kwamfutocin masu karanta ido. A 2018 masu bincike na Google sun nuna cewa daga hoton ritina kaɗai za a iya hasashen shekarun mutum, namiji ne ko mace, yana shan taba ko a'a, har da hawan jininsa. A 2023 ƙungiyar Pearse Keane ta asibitin ido na Moorfields a Landan ta fitar da wani tsarin kwamfuta mai karanta ido, RETFound, wanda aka horar da hotunan ido miliyan 1.6. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma idanun su waye? Babban rumbun bayanan lafiya na Birtaniya da masu binciken nan da yawa ke ɗiba, UK Biobank, mutum wajen dubu 500 ne kuma kusan dukkansu fararen fata ne, na Farfesa Lin kuma mutanen Chaina ne. Ƙuryar idon baƙar fata ta fi duhu, farin idon da yawa daga cikinmu ma ba fari tas ba ne ko muna lafiya, ga ƙurar hunturu ga rana. Kafin wani ya kawo mana manhaja ya ce ta gane hanta daga ido, sai an gwada ta a kan idon Bakano da Bazazzagi da mutumin Damagaram, kuma wannan aikin ba Bature ko ɗan Chaina zai yi mana ba, lakcarorin nan masu kallon lambar wasu su ne ya kamata su yi.

Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da hepatitis B. Baruch Blumberg, wanda ya gano alamar ƙwayar cutar a jini har ya ci Nobel a 1976, aikinsa ya haifi gwaji da rigakafi, kuma tun 2004 rigakafin yana cikin alluran yara a ƙasar nan. Jariran da suka ɗauka daga uwa, kusan 9 cikin 10 cutar zama take a jikinsu har girma, shi ya sa ake son allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Mu kuma ana haihuwa a gida, maijego ba ta fita, jariri sai bayan suna in ma an kai shi. Ga gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu muna ci muna ƙara wa hantar nauyi.

Abokin nawa ya ce to ai duk wannan ba ya hana mutumin zama babban malami. Na ce ban musa ba, je ka karanta takardar tasa ka dawo mu yi magana. Na kuma tambaye shi ko ya taɓa gwada kansa, ya ce a'a, shi lafiyarsa ƙalau, har da gwale min ido wai in duba. Matarsa watan haihuwarta ya kama, na ce masa ranar da ta sauka ni zan zo da mota ko da tsakar dare ne.