Gyaran da ake ta cacar baki a kai a Janiba, da ƙofar da ake rufe wa talaka

Shekaruna takwas ke nan a Turai, kuma duk lokacin da aka taso da maganar gyara hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam na duniya, rigimar kujeru ce ke cinye zancen. A 2006 an rushe tsohuwar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kujeru 53, wadda Libiya ta taɓa shugabanta a 2003, aka kafa Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam mai kujeru 47 a Janiba, 13 daga ciki na Afirka. An dakatar da Libiya a 2011, Rasha a 2022. Amurka ta fice a 2018, ta dawo, ta kuma juya baya a 2025. Wa ya cancanci zama, wa za a kora, shi ke nan.

Ni abin da ya buɗe mini ido daban ne. Wani dare a watan Yunin 2022 ina zaune gaban talabijin, ga jirgi a filin jirgin soja a Ingila, an gama shiri za a kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda. Sai umarni ya fito daga kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg kan ƙarar mutum ɗaya, baƙo, ba shi da kowa. Jirgin bai tashi ba. Gwamnati ta yi ta kumfar baki, amma ta bi.

Na tuna da kotunmu ta Afirka a Arusha. A can ɗan ƙasa ba ya shigar da ƙara kai tsaye sai gwamnatinsa ta sa hannu a wata takarda ta musamman, kuma Najeriya ba ta taɓa sa wa ba. Wasu daga cikin waɗanda suka sa ma, da hukunci ya fara cizo sai suka zare hannu: Ruwanda a 2016, Tanzaniya mai masaukin kotun a 2019, Benin da Kwaddibuwa a 2020. Kura ce ke riƙe da makullin garke.

Ba cewa nake Turawa waliyyai ba ne. A 2025 ƙasashe tara, Italiya da Denmak a gaba, sun nemi a rage wa kotun tasu ƙarfi kan 'yan ci-rani. Su ma ƙaiƙayin yana damunsu, sai dai ƙofar na nan a buɗe.

Kuma mun taɓa ganin irin wannan a gida. A 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar saboda bautar da aka yi da ita, ta sa a biya ta diyya. Yanzu Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, wannan hanya ta toshe wa talakawansu. Jakadunmu in sun tashi magana a Janiba kan adalcin rabon kujeru, ina so wani ya tambaye su inda mace irin Hadijatou za ta kai kukanta yau.